Giɓin Kurciya

Ban iya karatu ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Guga na iya. Shekara arba'in da ɗoriya ina tsaye a gaban tebur ɗaya da dutsen guga na gawayi, har gwiwata ta hagu ta daina lanƙwasuwa. Kawo mini riga in gaya maka ko mai ita a wuya yake zufa ko a hammata. Amma in ka miƙo mini takarda, yadda ka miƙo ta haka zan riƙe ta, ko a kife take. Ta nan aka cuce ni, ta nan aka cuci jikata.

Kurciya muke ce mata. Uwarta, 'yata ta uku, ta rasu ta bar mini ita tana shekara biyu. Uban kuwa ban san inda ƙafarsa ta kai shi ba, ban kuma nema ba. Tana shekara bakwai wasu baƙi suka zo daga wata ƙasa mai nisa za su yi fim a layinmu. Motoci uku, wayoyin lantarki shimfiɗe ko'ina a ƙasa, da wani dogo mai furfura a gemu da suke ce wa Darakta. Ba ya jin maganarmu, ba ma jin tasu. Tsakaninmu da su mutum ɗaya ne, ɗan garinmu, siriri mai farar riga kullum. Shi ne Tafinta. Duk abin da zai fito daga bakinsu ya shiga kunnenmu sai ya bi ta bakinsa.

Yara sun fi ɗari suka yi layi ana duba su. Kurciya ba ta ma cikin layin, wandunan direbansu na aike ta ta kai. A lokacin ta yi famfara, haƙorinta na gaba na sama ya faɗi. Wani cikinsu ya yi tuntuɓe da waya ya zauna daɓas, ta bushe da dariya. Darakta ya ga giɓin nan ya dafe kai da hannu biyu. Ita aka ɗauka.

A wurinsu na gane masu fim ba sa fara labari daga farkonsa. Yau su ɗauki ƙarshe, jibi tsakiya, bayan sati su komo su ƙarasa abin da suka fara da safiyar ranar farko. Don haka komai sai ya zauna yadda yake. Rigarta ta fim guda uku ce iri ɗaya, ni nake wanke su, kuma an hana ni fitar da wani tabo da ke ƙirjin kowacce. Akwai wata mata da ba ta da aiki sai riƙe hoto tana gwada tabon, tana gwada tsawon gashi, tana gwada igiyar takalmi.

Wata biyu suna ɗauka, sai Darakta ya kwanta ciwo, suka tattara suka tafi. Bayan wata biyar suka dawo su ƙarasa. Riguna suna nan a akwatina da tabonsu. Amma yaro ba riga ba ne. Sabon haƙori ya fito, fari tas, da 'yan tsaga-tsagan nan a bakinsa, ya cike giɓin.

Suka shafa masa wani baƙin abu don ya yi kama da giɓi, ta lashe. Suka sake, ta sake lashewa, ita wasa ta ɗauka. In kuma ya zauna, da an matso da kamara kusa da fuskarta sai a gan shi yana sheƙi. Kwana uku ana ta ihu da yarensu. Rana ta huɗu Tafinta ya shigo rumfata da takarda da ɗan gwangwanin tawada.

"Kaka, sannu da aiki. 'Yar takarda ce za ki dangwala mana."

"Ta mece ce?"

"Izinin shiga mota. Za mu kai ta wajen likita ya shafa wa haƙorin nan baƙi mai kama jiki, wanda miyau ba ya fitarwa. Su a ƙasarsu ba a sa yaro a mota sai da yatsan babba."

"To bari in ɗauko mayafi in bi ku."

"Haba Kaka, ki bar wutar dutse ta mutu a banza? Kafin ki gama wannan zanen gadon mun dawo."

Na dubi tulin kayan mutane da ke jirana. Na dangwala.

Direba ne ya shigo mini da ita a kafaɗa, auduga cunkushe a bakinta. Tafinta bai ko fito daga motar ba. Washegari na tare shi da dutsen guga a hannu, ya ja da baya yana cewa likita ne ya tarar da haƙorin ya ruɓe daga saiwa. Haƙorin wata biyar! Na kai ƙara wurin hukuma. Wanda na tarar a bayan tebur ya sa aka kawo takardar, aka karanta masa, ya nuna mini shuɗin tabon da ke ƙasa ya ce, "Tsohuwa, wannan ba yatsanki ba ne?" A ranar na san abin da na dangwala wa. Suka ba ni kwafi, wai haƙƙina ne. Cikin kwana tara baƙin suka gama suka tafi.

Ga laifina, ba zan ɓoye shi ba. Da yarinyar ta tambaye ni yaushe haƙorin zai fito, bakina ya kasa faɗar cewa da yatsana aka cire shi. Sai na ari ƙaryar Tafinta na ce mata ruɓewa ya yi. Takardar na cusa ta ƙasan akwati.

Shekara goma sha biyu ke nan. A makaranta sunanta ya koma Giɓi. Na sa aka yi mata haƙorin roba mai waya, yana yanka mata dasashi, ya karye tana shekara sha huɗu, ta ce kar a sake. Haƙoran gefe suka karkato suna neman juna. Yarinyar da dariyarta ke tsayar da mutane a hanya ta koma magana da hannu a baki. Kanta kuwa yana ja. Da ta gama makaranta ta shiga ajin koyon yaren baƙin nan, wai tana so ta ji abin da take cewa a fim ɗin, don an ce mana sun cire muryarta sun sa ta wata yarinyar ƙasarsu. Da yaren ta samu aiki a wani otal a wani gari mai nisa.

Wata biyu da suka wuce tana neman takardar haihuwarta a akwati, ta ci karo da waccan. Ina rumfa ina fesa ruwa a kan wata riga ta zo ta tsaya a kaina.

"Yatsan wa ne wannan?"

Na ajiye dutsen.

Ta karanta mini, tana mayarwa da harshenmu kalma-kalma. Wai ni mai riƙon yarinyar na yarda a cire haƙorin gaba na sama, kuma an yi mini bayani na gane ba zai sake fitowa ba.

"Ba haka ya karanta mini ba, ƙawata. Wallahi izinin mota ya ce."

"In haka ne me ya sa kika ce mini ruɓewa ya yi?"

Na dubi rigar da ke kan tebur.

"Kin sani," ta ce. "Sayar da shi kika yi."

Na ɗaga hannu zan mare ta, na sauke. Tun ranar ba ta ƙara cin abin da na dafa ba. Ɗaki ɗaya muke kwana, sai ta juya fuska bango. Ta ce in ta tafi aikin nan ba za ta ƙara tako layinmu ba, kuma na san jinin uwarta, in ta faɗa ta faɗa. Ni ba haƙori nake nema ba, ya tafi. Ba na neman komai na aljihun kowa. So nake mutumin nan ya buɗe bakinsa a gabanta ya faɗi abin da ya karanta mini, kafin ta tafi da ni a zuciyarta a matsayin wadda ta sayar da ita.

Ana gobe za ta tafi, ashe ranar ce za a nuna fim ɗin a tsohon gidan silima na tsakiyar gari, karon farko a garinmu. Darakta ya zo da kansa. An aiko wa Kurciya kati mai ruwan zinariya, ta ɓoye mini. Ba ta san cewa farin zanen da za a shimfiɗa a teburin manyan baƙi da rigunan masu tsaron ƙofa duk a rumfata aka goge su ba.

Ƙarfe uku na rana na ɗora ƙunshin a kai na shiga ta ƙofar baya. Akwai wani siririn lungu mai warin fenti, an jingine hotuna manya a bango. Fuskarta ce a kowanne, tana dariya, giɓin nan ya kai tafin hannuna. Na tsaya na kasa wucewa. Sai na ji murya a bayana tana ba da umarni a kan kujeru. Murya ba ta tsufa. Tafinta ne. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau, rigar dai fara ce har yanzu.

Na sauke ƙunshin a gabansa, ya tare hanya.

"A kai can ciki, Baba," ya ce, bai ko dube ni ba.

"Dube ni da kyau."

Ya duba. Na ga lokacin da ya gane.

"A'a, Kaka! Ashe kina nan? Ya ƙarfin jiki? Kin ga jikarki ta zama tauraruwa."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Za ka gaya mata abin da ka karanta mini ranar nan. Magana biyu ce. Ka faɗa in kwashi ƙafata in tafi."

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Wace rana? Shekara nawa yanzu? Ni na karanta wa mutane takardu sun fi dubu."

"Ni guda ɗaya aka taɓa karanta mini, shi ya sa ban manta ba."

"Kaka, yatsanki ne a takarda, ba nawa ba. Yau ranar farin ciki ce, akwai manyan mutane. Kar ki kunyata yarinyar nan." Ya ɗaga hannu ya kira mai tsaron ƙofa. "Karɓi kayan nan, a ba ta lemo, a raka ta waje. Ta gaji."

Mai tsaron ƙofar wani ƙato ne mai sanƙo, shekara shida ina goge masa riga. Ya kama gwiwar hannuna a hankali muka bi lungun. Da muka sha kwana ya ce, "Kaka, me ya haɗa ki da wannan?"

"Waccan ta jikin bango jikata ce. Ban taɓa ganin fim ɗin ba."

Maimakon ƙofar waje sai ya tura wata baƙar ƙofa mai nauyi, ya zaunar da ni a kujerar ƙarshe ta layin baya. "Ni ban gan ki ba," ya ce. "In kika jawo mini kora, a rumfarki zan tare."

"Ka zo, akwai wanki."

Mutane suka cika ɗakin. 'Yan garinmu masu tabarau da turare, da baƙi kamar ashirin a layin gaba. Na hango ƙeyar Kurciya a can kusa da furfurar Darakta. Aka kashe fitilu.

Ban ji ko kalma ɗaya ba, rubutun da ke gudu a ƙasa kuma bai san da ni ba. Amma na gane labarin. Yarinya ce da uwarta ta ce mata ubanta yana tuƙa jirgi a teku. Kullum tana zana masa jirgi da alli a bangon gida. Wata rana ta bi wata mage da ta gudu, ta ɓulla wani layi da ba ta taɓa shiga ba, ta tarar da uban zaune a shagon gyaran agogo da wani jariri a cinya. Layi uku ne kawai tsakaninsu. Ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba. Shi ke nan labarin, sai dai suna ja da shi a hankali.

Layinmu ne, ga famfon da ba ya rufuwa, ga ma igiyar shanyata a wani wuri. Ga Kurciyata da rigar tabo tana buɗe baki, muryar 'yar wasu tana fitowa. Mutane suna kallon yarinya ɗaya, ni biyu nake gani. A wani wuri tana gudu tana dariya, wannan kafin ne. Ta shiga ƙofa, ta fito ta ɗaya gefen, leɓenta na sama ya ɗan tasa, idonta yana bin hannun duk wanda ya matso. Wannan bayan ne. Taku ɗaya a fim, wata biyar da kwana huɗu a wurina. Na riƙa ƙirgawa ina matse hannun kujera: kafin, bayan, bayan, kafin.

A ƙarshe ta tsaya gaban madubi. Kamara ta matso har fuskarta ta cika bangon. Ta ɗaga leɓe, ta sa harshe a giɓin, ta janye da sauri kamar ta taɓa wuta. Ta daɗe tana kallon kanta. Ba ta yi kuka ba. Na san ranar, washegarin cirewar ce, da safen na goge mata jini a matashi. Matar da ke gabana tana share hawaye tana ce wa mijinta, "Kai, yarinyar nan ta iya wasa."

Aka kunna fitilu, aka yi ta tafi. Aka hau da su kan dandamali bayan tebur mai farin zanen da na goge: Darakta a tsakiya, Kurciya a damansa hannu a baki, Tafinta a hagu da makirfo. Darakta ya yi magana, Tafinta ya mayar mana. Wai fim ne a kan ranar da yaro ke gane manya suna ƙarya. Wai bai taɓa koya wa yarinyar nan komai a gaban madubi ba, daga cikinta abin ya fito. Aka sake tafi.

Sai aka ce mai tambaya ya ɗaga hannu. Wata budurwa tana yawo da makirfo tsakanin kujeru. Wani ya tambayi ma'anar magen. Wani ya yi dogon surutu a kan haske. Budurwar ta zo wucewa ta gefena za ta kai wa wani mai ɗaga biro, na kama makirfon da hannun da ke ɗaga dutsen guga. Ta ja, ban saki ba.

Na miƙe. Gwiwar ta ƙi, na dafa kujera.

"Ni ce kakarta," na ce. Muryata ta fito ta ko'ina har na tsorata. "Ni na wanke rigar nan da kuka gani. Giɓin da kuke ta tafa wa iri biyu ne. Na farko Allah ne ya yi shi, na biyu mutum ne. Haƙorinta na girma ya fito, lafiyayye, bai dace da hotonku ba, aka sa ta a mota aka je aka fizge shi. Wancan mai farar rigar shi ya kawo mini takarda ya ce izinin mota ne. Ka gaya wa mai gemun haka. Ka gaya masa abin da ke gaban madubin nan ba wasa ba ne, ciwo ne, da jini a bakinta ya ɗauke ta. Ka faɗa masa, gantalalle, mai harshe biyu kamar guza, in ka haifu!"

Wasu suka juyo, wasu suka sunkuyar da kai. Baƙin layin gaba suna murmushi suna jira a mayar musu. Darakta ya karkato kunne wajen Tafinta.

Tafinta ya yi 'yar dariya, ya gyara tabarau, ya yi magana da yarensu. Gajeriya. Na ba shi magana mai faɗin zanen gado, ya miƙa musu hankici. Darakta ya dafa ƙirji, ya miƙe, ya rusuna mini. Baƙin suka fara tafi. Wasu 'yan garinmu da ba su san abin yi ba suka taya su.

Na ga mai tsaron ƙofa yana tahowa, manajan gidan silimar na tura shi daga baya. Budurwar tana jan makirfo. Na riƙe da hannu biyu.

"Kurciya!" na ce. "Ke kina jin yarensu. Me ya ce na ce?"

Ba ta motsa ba. Idonta yana kan Tafinta, shi kuma yana yi mata wata 'yar alama da kai, irin ta a bar maganar. Ƙaton ya iso ya tsaya a gefena, ya ce a hankali, "Kaka, don Allah." Na ce a raina shi ke nan, yarinyar nan za ta bar ni a fitar da ni kamar mahaukaciya, gobe ta hau mota.

"Kurciya, ba na ce ki yarda da ni ba. Abin da kunnenki ya ji kawai. Me ya ce na ce?"

Ta sauke hannu daga bakinta. Ba makirfo a gabanta, amma an ji.

"Ya ce kin ce kin gode. Ya ce kin ce fim ɗin ya daraja gidanmu, kina yi wa Darakta addu'ar tsawon rai."

Wani a tsakiya ya ce, "Kai!" Guna-guni ya tashi. Ta miƙa hannu ta gaban Darakta ta zare makirfon daga hannun Tafinta. Ta fara magana da yarensu, iska na fita ta giɓin. Ta daɗe. Na ga murmushin layin gaba yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Darakta ya koma ya zauna. Ya yi wata magana da sauri, yana kaɗa hannu.

"Ya ce bai sani ba," Kurciya ta ce mini. "Ya ce an gaya masa haƙorin girgiɗa yake, ya faɗi da kansa."

"Tambaye shi. Yarinya ta bar wurinsa da haƙori ta dawo da kumburarren leɓe, ya tambayi kowa? Ko matso da kamara ya yi?"

Ta mayar masa. Ya dubi hannuwansa a kan zanen. Bai ce komai ba, ita ma ba ta ƙirƙiro masa ba.

Tafinta ya miƙe, zufa ta jiƙa wuyan rigar. Ya manta da baƙin, ni ya fuskanta da harshenmu.

"Ke ba ki san komai ba! Kwana uku suna cewa za su nannaɗe kaya su tafi, a zubar da aikin wata biyu. Mutum talatin na garin nan suna cin abinci a wurin. Wa ya tsaya ya gyara? Ni! Kowa ya ce a san yadda za a yi, ba wanda ya ce ga yadda za a yi. To tsakaninki da Allah, da na karanta miki abin da ke cikin takardar, za ki dangwala?"

"Ba zan dangwala ba, ko za a yanka ni."

"To kin gani! Shi ya sa ban..."

Ya tsaya. Ya dubi Kurciya. Ya dubi ɗakin.

"Ƙarasa mana," wata mata ta ce daga gefe.

Bai ƙarasa ba. Manaja ya sa aka kashe na'urar, aka saki kiɗa, yana ta cewa a fito waje akwai lemo. Na saki makirfon, budurwar ta kusa faɗuwa. Darakta ya sauko yana nufo ni da hannu a miƙe, idonsa jawur. Na ce wa ƙaton ya fitar da ni yanzu. Ban zo karɓar hannun kowa ba, kuma ban yarda da wanda zai mayar mini da abin da zai ce ba, in ba ita ba, ita kuwa ta yi aikin da ya ishe ta.

A waje rana ta yi sanyi, motoci suna ta oda. Na kama hanyar gida ina jan ƙafa. Na wuce shagon mai walda, na wuce kantin magani, sai na ji taku a bayana. Ta zo ta jera da ni. Ba ta kama hannuna ba. Muka yi tafiya mai nisa.

"Na ji shi," ta ce. "Ba ki sani ba."

Na ce, "To."

"Amma kin bar ni na shiga motar ni kaɗai. Wasu mutum biyu suka danne mini hannuwa. Ina ta kiranki."

Bakina ya cika da dalilai: kayan mutane, wutar dutse, yadda ya yi mini magana da ladabi. Na haɗiye su.

"Na bar ki," na ce. "Kuma na yi miki ƙarya shekara goma sha biyu. Wannan ba shi ba ne, ni ce."

Ta share ido da bayan hannu. Muka tsaya a bakin titi muna jiran motoci su wuce.

"Tafiyar tana nan gobe," ta ce.

"Na sani. Ban ce ki fasa ba."

"Suna ba da hutu bayan wata huɗu. Kwana shida."

Hanya ta buɗe, muka tsallaka, tana tare mini wani mai babur da hannu.

"Duk na mayar musu abin da kika ce," ta ce da muka hau ɗaya gefen. "Har guzan. Abu ɗaya ne na rasa a yarensu."

"Wanne?"

"Gantalalle."

"Duk ƙasarsu ba su da gantalallu?"

"Suna da su. Kalmar ce ban kai wurinta ba a littafi."

"To ki nemo," na ce. "Mai gemun ma bai samu rabonsa ba."